Gwiwar Da Ta Hana Ni Gaida Inna

Na daɗe ina son rubuta wannan, musamman saboda masu sana'ar zaune irina, waɗanda suke naɗe ƙafa da hantsi ba sa miƙe ta sai an kira azahar. Ni ɗinkin hannu nake yi, aikin manyan riguna, a wani zaure a Gwammaja, fiye da shekara talatin. Abin da ya same ni ba baƙon ciwo ba ne, ciwon gwiwa ne da ƙiba. Alhamdu lillahi yanzu ina tafiya da ƙafata. Amma ciwon nan ya kusa shiga tsakanina da mahaifiyata, shi ya sa nake ganin ya kai a ba da labarinsa.

Ni ne ɗan fari a wajen Inna, kuma Inna mutuniyar da ce, mai riƙe da kunyar ɗan fari yadda ta gada. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In ta kama dole sai ta ce “mutumin nan”. Ƙannena suna hawa gadonta su yi ta hira har da shewa, ni kuwa abu ɗaya ne tsakanina da ita. Kullum bayan sallar asuba nakan hau mashin daga Gwammaja zuwa Kabara, inda take zaune tare da ƙanina Habu, in tuɓe takalmi, in durƙusa gwiwa biyu a gaban gadonta in ce, “Inna, ina kwana.” Sai ta kau da kai ta ce, “Lafiya. Ya iyalin?” In ce lafiya lau. Ta ce, “Allah ya yi albarka.” Shi ke nan, sai in tashi in tafi aiki. Baƙo zai ce ba ta damu da ni ba. Ni na san durƙuson nan da addu'ar nan su ne dukan hirarmu, kuma sun ishe ni.

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, aiki ya rufe mu. Kowa ya zama Onarabul. Mutumin da jiya yake yawo da 'yar shara, yau aska takwas yake so, kuma wai kafin Juma'a, domin za a rantsar da maigidansa. Ni da abokin aikina Tanko muka duƙufa. In na naɗe ƙafa a kan tabarma, sallah kaɗai ke tashe ni. Ga ciye-ciye: gurasa bandashe da safe, fura da sukari da rana, masu kawo aiki kuma su zo da tsire da lemon kwalba don a hanzarta musu. Dama ni ba siriri ba ne. Kafin shekara ta zagayo, matata Hajara ta canza wa wandunana mazagi sau biyu. Mutane suna cewa, “Malam Ado, lallai dimokuraɗiyya ta karɓe ka.” Ni kuma, wauta, ina jin daɗi.

Gwiwar dama ce ta fara. Da safe sai in tashi in ji ta a ƙage, sai na ɗan taka sannan ta saki. Bayan 'yan makonni ta hagu ta bi sahu. In zan ɗago daga sujada sai na dafa bango, ga wata ƙara ƙas-ƙas da har na kusa da ni a sahu yake ji. Na ce gajiya ce. Na sayi ƙwayoyi a kemis, suka yi mini aiki sati biyu suka daina.

Ranar da abin ya nuna mini kansa, a ɗakin Inna ne. Na durƙusa, mun gaisa, ta sa mini albarka, na yunƙura in tashi, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Na sake yunƙurawa, wani zafi ya soke ni har cikin ƙwaƙwalwa. Sai na yi kamar makullin mashin ne ya faɗi ina lalube, na ja jiki da hannu har bakin ƙofa, na kama dokin ƙofar na miƙe, gumi ya jiƙa mini riga sharkaf. Idon Inna ya riga ya yi rauni a lokacin, ba ta ga komai ba. Amma kunnenta garau yake. Ta san daga inda murya take zuwa, daga ƙasa ko daga sama.

Washegari ban durƙusa ba, na ɗan rusuna kawai. Kwana biyu bayan haka rusunawar ma ta gagara, na tsaya ƙiƙam a bakin ƙofa na gaishe ta, ni da furfura a gemu, kamar wani ɗan sanda da ya zo kai sammaci. Ta amsa, “Lafiya. Ya iyalin?” Na ce lafiya lau. Na tsaya ina jira. Ba ta ƙara komai ba. Wallahi da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

A nan na yi kuskuren da ya fi kowanne. Na kira Habu gefe na gaya masa halin da nake ciki, na kuma ce kada ya kuskura Inna ta ji. Dalilina shi ne, in ta ji, kunya ba za ta bar ta ta zo duba ni ba, ba za ta iya buɗe baki ta tambayi jikina ba, sai dai ta haɗiye abin ta daina cin abinci, ga tsufa. Na ce sati biyu ne zan warke in koma durƙusona, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Hajara ta ce, “Malam, wannan ba dabara ba ce.” Na ce mata ita ba 'yar fari ba ce, ba za ta gane ba.

Daga nan masu ba da shawara suka yi mini caa. Duk wanda ya shigo zaure likita ne. Wanzaminmu ya kafa mini ƙaho a gwiwa, ya nuna mini baƙin jini ya ce ga ciwon nan ya fita. Na biya shi na gode, ciwo yana nan daram. Wata gwaggon Hajara ta aiko da man shafawa mai warin da ya kori kowa daga ɗaki. Aka kawo jiƙo kala uku, ɗaya ya sa ni zarya bayan gida kwana biyu, wanda ga mai ciwon gwiwa shi ne babban zalunci. Wasu suka ce sanyi ne, in kwanta in huta kada in motsa. Na kwanta sati uku, ana kawo mini abinci har kan katifa. Na tashi na fi da nauyi, gwiwoyin kuma sun ƙara ƙagewa.

Sai Tanko, Allah ya shirye shi, ya zo da tasa. Ya ce, “Kai fa teɓa ce take kashe ka. Ka riƙa hawa Goron Dutse kullum da safe, sati ɗaya za ka ga kitsen nan ya narke.” Rabin maganarsa gaskiya ce, shi ya sa na yarda. Na sa silifas na tafi. Ranar farko na kai rabi ina haki. Rana ta biyu na ciji leɓe na ƙara. Rana ta uku na hau, amma wajen saukowa, duk taku ɗaya sai in ji kamar ana buga mini ƙusa. Wasu bayin Allah biyu ne suka riƙo ni har ƙasa suka ɗora ni a mota. Kafin la'asar gwiwar dama ta kumbura ta yi suntum, ta yi zafi rau. Ga mai karatu: in kana da nauyi kuma gwiwarka tana ciwo, kada wani ya tura ka hawa dutse ko gudu, ko da amininka ne.

Sati biyu ban taka waje ba. A nan na san wace ce Hajara. Ita ke kama ni in tashi, ni da na ninka ta biyu. Ita ta je wajen kafinta da kanta ta sa ya yi mini wata kujera mai rami saboda bayan gida, tunda tsuguno ya gagara, ta kuma ja masa kunne kada ya yi surutu. Na yi mata faɗa a kan gishirin miya, na yi mata faɗa a kan ruwan alwala ya yi zafi, na yi mata faɗa don ba ta tanka faɗan ba. Sai dai ta ce, “Sannu Malam,” ta gyara mini matashi.

Cikin kwanakin nan Habu ya zo, ya zauna yana ta juya hula a hannu. Na ce ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce, “Yaya, na ce wa Inna aiki ne ya yi maka yawa. Jiya na ji tana gaya wa matata, wai tunda mutumin nan ya fara ɗinka wa manya riguna, gwiwarsa ta daina sanin ƙasa, yanzu kuma ƙafarsa ta daina sanin hanya.” Na juya fuska bango, hawaye ya zubo mini. Habu ya ce, “Ka bari in gaya mata.” Na ce a'a, da gwiwata zan ba ta amsa. Taurin kai ne zalla, yanzu na sani. Amma shi ya sa washegari na ce a kai ni asibitin ƙashi.

Asibiti kuwa sai haƙuri. Ranar farko kati kawai muka samu. Rana ta biyu muka yi sammako, muka tarar da layi har ya fita baranda, ga benci ƙasa-ƙasa wanda in mai ciwon gwiwa ya zauna sai an ciro shi. Aka tura mu hoto, aka ce mu dawo wani satin. Ga magani da tsada, ga jigila. Duk da haka ba zan yi butulci ba, a can aka gaya mini gaskiya. Likitan, wani matashi mai tabarau, ya ɗaga hoton ya ce, “Baba, guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan nan ya zaizaye. Amosanin gaɓɓai ne. Ba ya komawa sabo, amma ana zama da shi lafiya in an rage masa kaya.” Na ce wane kaya? Sai ya kalli cikina. Ya rubuta magani, ya tura ni sashen gashi.

A can na haɗu da Malam Bukar, wani dogon Babarbare mai magana a hankali, Allah ya saka masa da alheri duk inda yake. Na zaci zai gasa mini gwiwa da na'ura in tafi gida. Ya saurari labarin kwanciyar sati uku da na Goron Dutse, ya girgiza kai. Ya ce, “Ka gwada wa gwiwar nan hutu, ka gwada mata azaba. Ita kuma motsi take so, kaɗan-kaɗan, kullum.” Wannan maganar ta zauna mini har yau.

Na ce masa, “Ni tambayata ɗaya ce. Zan sake durƙusawa?”

Ya ce, “Don sallah? Ai an yi maka rangwame, ka yi a kujera.”

Na ce, “Na san wannan, liman ya gaya mini. Don tsohuwata nake tambaya.”

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, “Gwiwa biyu ka manta da shi. Gwiwa ɗaya, a kan abu mai laushi, da abin dafawa, na ɗan lokaci, wataƙila. Amma sai cinyoyin nan sun yi ƙarfi, nauyin nan kuma ya ragu. Ba zan yi maka alkawarin rana ba.”

Abubuwan da ya koya mini, da farko raina su na yi. Wai in zauna a kujera mai tsayi, in miƙe ƙafa ɗaya, in riƙe ta a sama a ƙirga goma, in sauke a hankali. In kwanta rigingine in ɗaga ƙafa a miƙe kamar taƙi ɗaya daga katifa. In tashi daga kujera in koma in zauna, ba faɗawa ba, a hankali. Kafin in fara a ɗora mini tawul mai ɗumi, sai dai in gwiwar ta kumbura ta yi zafi, to ranar a bar ta ta huce. Tafiya kuma a shimfiɗaɗɗen wuri, da takalmin kambas, minti goma kacal. Ya ce ɗan tsami ba komai, amma in ciwon ya wuce awa biyu bayan na gama, ko ya kwana, to na zarce, gobe in rage. Na ce a raina, wannan ai wasan yara ne. Ranar farko ƙafata tana rawa tun a ƙirga na shida.

Hajara ce mai ƙirga, safe da yamma, kuma ba ta da tausayi a wannan fannin. In na ce goma ta cika sai ta ce, “Malam, bakwai dai. Allah yana gani.” Ta rage mini tuwo daga malmala biyu zuwa ɗaya, ta cika kwanon da zogale da kabewa. Lemon kwalba ya ɓace daga gidan. Fura ba sukari. Sati na uku na kasa jurewa na aika aka sayo mini bandashe a zaure, na ci a ɓoye na wanke baki. Ina shiga gida ta kama hannun rigata ta shinshina ta ce, “Man ƙuli.” Na hau faɗa, na ce gidana ne, cikina ne, kuɗina ne. Ta bari na gama sarai, sannan ta ce, “To, ka je ka gaya wa Inna haka.” Ban sake ba.

Lungunanmu ba sa takuwa ga mai ciwo, ga kwata ga tudu, don haka filin wata makarantar firamare nake zuwa bayan la'asar. Mutum da girmansa, da hularsa, da kambas, yana zagaya fili ba dalili. Wani dattijo ya tare ni ya ce, “Malam, wani abu ka yar ne mu taya ka nema?” Na ce lafiyata na yar. Minti goma ya zama sha biyar a wata na biyu, ya zama ashirin da biyar a na uku. A asibiti Malam Bukar ya ɗora ni a wani keke da ba ya tafiya, ya ɗaga sirdin sama don kada gwiwa ta lanƙwashe da yawa, ya ce wannan ya fi mini komai. Akwai satin da na ji daɗin jikina na ninka tafiyar, gwiwa ta kumbura, na koma baya kwana biyar ina cizon yatsa.

A zaure kuma na bar tabarma na koma kujera, rigar a kan ɗan tebur. Na kafa wa kaina doka: duk zare uku da ya ƙare a allura, sai na miƙe na taka zuwa bakin titi na dawo. Aiki ya ragu, wasu Onarabul suka yi fushi suka kwashe rigunansu. Na ce su gaida gida. Tanko, wanda kunya ta hana shi haɗa ido da ni wata guda, shi ya koma yana tuna mini, “Ado, zare na uku fa.”

Duk wannan lokacin, tun da na iya hawa mashin, ban fasa zuwa Kabara ba. In tsaya a bakin ƙofa, in gaida Inna daga sama, ta amsa a taƙaice, in jira, in juya. Wata huɗu ana haka. Na ga tana ƙara ramewa, tsoro ya kama ni kada ta tafi da wannan a ranta. Sau biyu na roƙi Malam Bukar ya bar ni in gwada durƙuso, ya ce saura. A gida muka fara gwaji da matashi a bakin gado, Hajara tana riƙe da kafaɗata. Ranar da na sauka na tashi sau uku ba ta taɓa ni ba, ta ce, “Gobe da ni za a je.”

Safiyar Juma'a ce. Muka yi sallama, Hajara ta shiga ta gaida Inna, ta faki ido ta ajiye matashin a gaban gadon. Na tuɓe takalmi, na dafa ƙarfen gadon, na sauke gwiwar hagu a hankali yadda aka koya mini. Ta yi ƙararta ƙas, numfashina ya fita da ƙarfi. Na ce, “Inna, ina kwana.”

 Wannan karon ba ta kau da kai ba. Ta miƙo hannu tana lalube, ta taɓa hannuna a kan ƙarfen, ta sauka ta taɓa matashin. Sannan ta juya wajen Hajara.

“Ke, tun yaushe?”

Na yi wa Hajara ido, ta yi kamar ba ta gani ba. Ta ce, “Ya fi wata bakwai, Inna. Gwiwoyin ne duka biyu. Har kwanciya ya yi. Shi ya hana a gaya miki, wai kada hankalinki ya tashi.”

 Gwiwata ta fara zafi amma na ƙi motsi. Inna ta ja bakin mayafi ta goge ido. Can ta ce, “Lafiya. Allah ya yi albarka. Allah ya yi albarka.” Sau biyu ta faɗa.

Na dafa na miƙe da kaina, ba wanda ya kama ni. Ina neman takalmina sai na ji ta ce, “Hajara, ki gaya wa mutumin nan ba shi da wayo. Ki kuma gaya masa na yafe durƙuson, duniya da lahira. Daga yau in ya zo, nan zai zauna.” Ta buga katifar gefenta da tafin hannu, ta matsa.

Na tsaya kamar an dasa ni. Hajara ta ce, “Malam, ka ji dai.” Na zauna a bakin gadon Inna, ina da shekara hamsin da ɗaya, karo na farko a rayuwata.  Kafaɗarta tana taɓa tawa, ba ta janye ba.

Har yau gwiwar tana ciwo in damina ta kama, har yau ina zagaya filin nan, kuma har yau Hajara tana cewa bakwai na yi. Wanda ciwon nan ya kama, ya je asibiti da wuri, ya motsa a hankali, ya rage ci, kada kuma ya ɓoye wa nasa. Ni ɓoyewar ta ci mini watanni da ba za su dawo ba. Inna ta rasu bayan shekara biyu, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah. Amma shekara biyun nan, kowace safiya, ina yin sallama sai in ji motsinta tana matsawa gefe.